Wejin Kulu

Tsofaffin Kalgo, in aka tayar da zancen Kofur Abdulgani, abu guda suke fara faɗa: ai shi ne maƙerin nan da ya haɗa mota da hannunsa, har ya ƙera mata birkin da direbobin Jega ke zuwa kallo. Gaskiya ne, ya yi. Amma wannan yabo haushi yake ba duk wanda ya san labarin, don shi kansa mai birkin bai taɓa yarda a yi masa shi ba. In ka yabi birkin nan a gabansa, sai ya tashi ya bar maka wurin, ko da tuwo ne a gabansa.

Ɗan gidan maƙera ne, ya tashi da zuga-zugi a hannu. Da yaƙin Bama ya zo aka ɗebe shi soja, aka jefa shi cikin masu gyaran motoci. Ya dawo da igiya biyu a hannun riga, shi ya sa ake ce masa Kofur, ya kuma dawo da wata cuta wadda ba ta da magani, wato son inji. Ya koma maƙerar ubansa yana ƙera fartanya da lauje da ƙugiyar masunta, amma da zarar ya ji ƙugin mota a kan hanyar Birnin Kebbi, sai masaba ta tsaya a sama har sai ƙarar ta ɓace.

A daminar 1953 wata kitika, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta wani mai sayen auduga, ta faɗa kwazazzabo kusa da Diggi. Mai ita ya kwance tayoyi da fitilu, ya tofa wa sauran yawu ya yi gaba. Kofur ya ari bijimai huɗu ya jawo gawar har ƙofar maƙera. Kai, mutanen Kalgo sun sha dariya! Shekara biyu yana fama da ita. Ƙafafun baya ya samo su jikin wata matacciyar babbar mota a Jega, jiki ya yi na katako, kujera dukawa suka ɗinka masa, lagireto kuwa duk ya sha liƙi da darma. Ranar da injin ya tashi, tari ya dinga yi yana zabura, nan take wani ya ce ai wannan akuya ce. Sunan da ya bi ta ke nan, Akuya.

Abu ɗaya Akuya ta rasa, birkin hannu. Na ƙafa yana nan, amma sai kana take da shi yake riƙewa. Ka ɗaga ƙafa a kan gangara, ta tafi abinta. Ba kuma halin ka kashe inji ka bar ta a giya, don in injin Akuya ya mutu a hanya, sai ka nemo ƙarti huɗu su tura. Ranar gwaji ta farko Kofur ya sauko don ya karɓi barka, motar ta sulale da baya ta kwashe dangar maƙwabcinsa Ɗahiru, ta nufi rumbun gero. Maza na ta ihu suna guje-guje, sai ga Kulu, matar Kofur, ta fito da gudu da wani ɓarin tsohon turmi na ƙirya, ta cusa shi ƙarƙashin taya. Akuya ta tsaya cak.

Kulu Bafulatana ce, daga wata ruga kusa da Maruda a ƙasar Gwandu. Bazawara ce lokacin da suka haɗu a kasuwar Gwandu, shi yana sayar da fartanya, ita tana sayar da nono da man shanu. Danginta ba su so ta auri maƙeri ba, ta saurare su har suka gama, ta ce ta ji, ta kuma aure shi. Allah bai ba su haihuwa ba. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana biyu kana jin ta.

Kofur ya sassaƙe ɓarin turmin nan ya yi masa mariƙi, ya zama weji, wato katakon da ake tokare taya da shi. Ya ce zai nemi wanda zai riƙa bin sa yana sawa. Kulu ta ce, “Ka ɗauki ƙato mai nauyin buhun albasa guda, ka ciyar da shi, alhali ga ni? Ni na fara sa shi, ni ka ci gaba.”

Aka yi ta tsegumi. Mace karen mota! Wata tsohuwa ta tare ta a bakin rijiya ta ce ba ta jin kunya. Kulu ta ce, “Iya, tun ina ƙarama nika tare bijimi da sanda. Wagga ko ƙaho ba ta da shi.”

Haka suka yi shekara biyu suna yawon kasuwanni, Kalgo, Jega, Birnin Kebbi, Gwandu, shi da kayan ƙira da busasshen kifin mutane, ita da ƙoren man shanu. Duk inda za a tsaya, ya taka birki ya riƙe. Ita ta buɗe ƙofa ta dira, ta zagaya baya, ta cusa weji, ta bugi katakon motar sau biyu da tafin hannu, ta ce, “Saki, Kofur.” Sai a lokacin yake ɗaga ƙafa. In za a tashi kuwa, ya ba ta wuta, motar ta ɗan matsa, Kulu ta fizge weji ta bi ta da gudu, zani a ɗamare, ta kama ƙofa ta faɗo ciki tana haki tana dariya.

Akwai wani dogon hawa na jar marmara kafin a shiga Gwandu, da wata aduwa a tsakiyarsa. Akuya ba ta taɓa wuce aduwar nan ba tare da ruwanta ya tafasa ba. Dole a tsaya a nan, a tsakiyar hawa, Kulu ta sa weji, sannan Kofur ya sauko ya zuba ruwa. Nan suke cin guzurinsu, inji na ta gunaguni a gefe.

A bazarar 1957 Kulu ta fara tari. Da farko ta ɓoye. Wata rana a Jega ta fizge weji ta biyo mota, taku biyar ta durƙushe a ƙasa. Kofur ya kai ta ɗakin magani a Birnin Kebbi aka ba ta ruwan kwalba, aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutun sha. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya zama aiki. Halima matar Ɗahiru ita ke shigowa kullum ta dama mata kunu ta gyara mata shimfiɗa.

Wata safiya ta Talata, Kulu ta kira shi. Ta ce, “Kofur, ka kai ni gida in ga Inno.”

Inno uwarta ce, tsohuwa tukuf, idanunta sun tafi, ko jaki ba ta iya hawa. Shekara guda ke nan ba su haɗu ba. Kofur ya dubi matarsa, ya gane abin da take nufi sarai. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “To, hawan aduwa fa? Wa zai sa weji?”

Ta mayar da kanta kan matashi.

Ya ce, “Ki ba ni kwana uku. Birkin hannu zan yi mata. Juma'a mu tafi, kina kwance abinki, ba sauka ba gudu.”

Ta ce, “Allah ya kai mu.”

Ya faɗa maƙera kamar wanda aka kora. Ya samo fallen sifirin na babbar mota ya miƙar da shi ya yi dogon hannu. Ya yanka wani ƙarfe mai siffar rabin faifai, ya zauna da magagari yana fitar masa da haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya ƙera ɗan harshen da zai riƙa faɗawa tsakaninsu ya riƙe. Ya huda katakon ƙasa a gefen kujerar direba, ya ɗaure hannun da noti a jikin ƙarfen motar. Saura abin da zai tashi daga hannun ya je ya ja birkin tayoyin baya. Ya tufka wayoyin keke guda shida ya ɗaura. Ranar Alhamis da la'asar ya ja, wayar ta tsinke ta tsage masa kunci.

Ya shiga gida da jini a fuska. Kulu na kwance a tabarma a inuwar ɗaki, wejin na jingine a inda take ajiye shi, kusa da randa. Ta dube shi ta ce, “Akuyar ta harbe ka?”

Ya ce, “Waya ce. Gobe zan sa wata. Lahadi mu tafi.”

Ta daɗe tana kallon wejin, sannan ta ce, “In ka gama abin nan, ni mi zan riƙa yi cikin motar?”

“Zama za ki yi, kamar matar alƙali.”

“Ashe sallama ta kaka shirin yi.” Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, ya riƙe ta har ya lafa. Da ya lafa ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Kada ka daɗe, Kofur.”

Ya sa wayar tangaraho mai kauri, ta yi ta miƙewa kamar danƙo, ka ja hannun har ƙarshe taya na juyawa abinta. Ya cire ya ƙera sandar ƙarfe. Sandar ta yi, sai haƙoran suka lanƙwashe, don cikin gaggawa bai ba su ruwa sun yi tauri yadda ya kamata ba. Maƙerin da ya shekara talatin yana ba lauje ruwa! Ya sake yanka wasu daga farko. Lahadi ta zo ta wuce.

Ranar Litinin Ɗahiru ya shigo maƙera, bai ko yi sallama ba. Manomi ne mai taɓa kamun kifi, mutum mai sanyin hali, amma ranar a fusace yake. Ya ce, “Kofur, ka ji tsoron Allah. Halima ta ce matar nan ko kunu ba ta iya haɗiyewa. Aje ƙarfen ga. Ni in bi ku in sa wejin. Mi a ciki? Katako ne fa!”

Kofur bai ɗago ba. Ya ce, “Gudun da ta riƙa yi bayan motar ga shi ya cinye mata ƙirji. Ni na sa ta. Ba za ta sake shiga motar da sai an sauka an tokare ta ba. Saura kaɗan.”

“Aradu kana wauta. Ita ta ce maka birki taka so? Uwarta ta ce!”

“Na ce saura kaɗan, Ɗahiru.”

Ɗahiru ya yi ƙwafa ya fita. Kuma gaskiya tana wajensa. Maganar ƙirji da Kofur ya yi ba ƙarya ba ce, abin yana cin sa. Amma ba ita ce ta riƙe shi a maƙera ba. Tsoro ne. Ya san in ya ɗora Kulu a mota ya nufi Gwandu, shi kaɗai zai dawo. Muddin birkin bai ƙare ba, to akwai gobe, akwai jibi. Mutumin da ya ga yaƙi da idonsa, ya zo ya ɓuya a bayan uwar maƙera don kada ya kai matarsa gida. Allah sarki.

Ranar Talata sabbin haƙora suka riƙe, amma taya ɗaya ke kamawa ɗaya na sakewa, motar ta riƙa juyawa gefe. Ya kwanta a ƙarƙashinta wuni guda yana kallo. Can ya tuna yadda mai ɗaukar ruwa ke rataya tulu biyu a sanda guda, nauyi ya rabu daidai. Ya ƙera ɗan guntun ƙarfe ya gicciya shi a ƙarshen sandar, ya ja kowace taya daga gefe guda. Wannan dabara ita ce direbobi suka riƙa zuwa kallo daga baya.

Laraba bayan azahar, kwana takwas cif da alkawarin kwana uku, ya fitar da Akuya bayan gari inda aka haƙi ƙasar gini, ya hau da ita gefen ramin, ya tsaya a inda ya fi tsayi. Ya ja hannun. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Ya ɗaga ƙafa. Ko motsi. Ya sauko ya zagaya ta, ya sa kafaɗa ya tura, ta ƙi. Ya yi tsalle kamar ba dattijo ba. Ya koro ta gida yana ta matsa hon, tun daga nesa yake ƙwala kira, “Kulu! Ya kama! Kulu, gobe da sassafe!”

A ƙofar gida ya tarar da takalman mata jere. Ɗahiru na tsaye a zaure, ya kama hannunsa ya ce, “Kofur, sai haƙuri. An neme ka a maƙera ba ka nan.”

Kafin magariba an kai ta makwancinta a nan Kalgo. Aka tura mai keke ya kai labari Maruda. Kofur bai yi kuka ba, ya zauna a tabarma yana amsa gaisuwa, baƙin mai na nan a faratansa. Sai washegari ya iya tambayar Halima ko ta bar wata magana. Halima ta so ta ɓoye, ya matsa mata. Ta ce tun hantsi Kulu ke kasa kunne. Da ta ji injin ya tashi, ta ce a ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau, a miƙo mata wejin kusa, ga Kofur nan zai zo su tafi. Sai ta ji ƙarar ta yi bayan gari. Ta ce, “Gwaji ya tafi.” Ba ta ƙara cewa komai ba sai salati.

Bayan sadakar uku ya tattara kayanta, ƙore da faifai da zannuwa da 'yan awarwaro, don a kai wa uwarta. Ya ɗauki wejin ya daɗe yana juya shi, ya ajiye shi a kujerar da take zama. Ɗahiru ya ce zai raka shi. Ya ce, “Bar shi. Ai yanzu akwai birki.”

Ya bi ta Birnin Kebbi, ya wuce Ambursa, rana na dukan katako. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, na farko a shekarar. Da ya kama hawan marmara, Akuya ta yi abin da ta saba, daidai aduwa tururi ya turnuƙe. Ya taka birki, ya ja hannun, haƙora biyar suka ƙirgu. Sai ya zauna, ƙafarsa a kan birki, yana jira. Wallahi bai san yana jira ba. Kunnensa ne ke sauraren buɗe ƙofa, da takun ƙafa a kan tsakuwa, da bugu biyu a jikin katako. Inji na gunaguni, ruwa na tsiyaya, ƙafarsa ta fara rawa don gajiya. Ba wanda ya ce masa ya saki.

Da ƙafar ta gaza, ta zame da kanta. Motar ba ta matsa ko da faɗin yatsa ba. Birki ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai. Nan Kofur Abdulgani ya kifa kansa a sitiyari ya yi kukan da bai yi a Kalgo ba, har wasu mata masu tallan nono suka tsaya daga nesa suna kallo.

La'asar ta yi kafin ya isa rugar. Ya bar motar a bakin hanya, ya kwashi kayan a ka. Inno na zaune a ƙofar bukka, 'yar ƙanƙanuwa, fararen idanunta na kallon inda ba kowa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya sunkuyar da kai kamar yadda suruki ke yi. Suka yi gaisuwa, suka yi wa juna ta'aziyya. Aka riƙa miƙa mata kayan ɗaya bayan ɗaya tana shafawa. Ta gane ƙwaryar da ta ba ta ranar aurenta na fari. Da aka zo kan weji ta laluba shi sama da ƙasa ta ce, “Wanga fa? Ba kayan mace ba ne.”

Ya ce, “Nata ne, Inno. Da shi take tsayar da motar.”

Yatsun tsohuwar suka kai ga mariƙin. Ƙirya ce mai tauri, amma shekara biyu na riƙo sun sa ta yi sumul, har da ɗan lotsawa a inda babban yatsa ke zama. Inno ta sa nata yatsan a wurin. Ta rufe hannu a kai, ta ja shi jikinta.

Can ta ce, “Mai keke ya ce ɗiyata ta nemi a kawo ta tun kwana takwas kafin ta cika.”

“Haka ne.”

“Ya ce wani abu ka tsaya ƙerawa.”

“Haka ne, Inno.”

Ya jira zagi. Da ta zage shi, da ta ce dama sun faɗa wa Kulu kada ta auri maƙeri, da ya ji sanyi. Amma tsohuwar ta tambaye shi ne a hankali, kamar mai son sani da gaske.

“To, abin ya yi?”

Ya ce, “Ya yi.”

Ta ce, “Madalla.” Ta juya fuskarta wajen bukka, wejin na rungume a ƙirjinta.

Ya tashi ya ɗauki takalmansa a hannu. Yayyafi ya fara sauka. Akuya na can bakin hanya inda ya bar ta, a kan 'yar gangara, inji na aiki, ba kowa a kusa da ita, tana tsaye abinta tana jiran sa.